Idan Gigin Tsufa Ya Raba Kan 'Ya'ya: Jagorar Tantance Hankalin Dattijo da Yanke Masa Shawara

Rigimar takan tashi ne ranar da aka ji cewa Alhaji ya sayar da gonarsa ta hanyar Mai'adua a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba, ko ranar da aka ga takardar kyautar gida ɗauke da dangwalen yatsansa a hannun ɗan amarya. Nan take gida ya rabu biyu. 'Yan ɗakin uwargida su ce ai Baba ya daɗe da rikicewa, an fake da gigin tsufa an cuce shi, 'yan ɗaya ɗakin kuma su ce lafiyarsa ƙalau, dukiyarsa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita. Wanda ke aiki a Abuja ya bugo waya yana faɗa, wadda ke aure a Funtuwa ta zo da kuka, shi kuwa dattijon yana kishingiɗe a zaure ana ta magana a kansa, ba wanda ya juya ya tambaye shi.

Na ga irin wannan a cikin danginmu, na kuma ga yadda aka ɓata kusan shekara biyu ana jayayya a kan ko tsohon yana da hankali ko ba shi da shi, alhali tun daga tambayar aka kuskure. Hankalin mai ciwon gigin tsufa yana ja da baya ne sannu a hankali, kamar ruwan rijiya da bazara, kuma ba ta kowane gefe yake raguwa daidai ba. Mutum yana iya kasa lissafin kuɗin buhun gero, amma ya san sarai ɗakin da yake son kwana da wanda yake son ya yi masa wanka. Saboda haka abin da yake iya yankewa a bar masa, abin da ya kasa a yanke masa ta hanyar da likita ya tabbatar kuma alƙali ya amince da ita, sannan kowa ya riƙe a ransa cewa muddin yana numfashi, abin da ya mallaka bai zama gado ba.

Mataki na farko: ku fara rubuta abin da kuke gani

Tun kafin a je ko'ina, a sami littafi guda a riƙa rubuta abin da ya faru, da ranar, da lokacin, da sunan wanda ya gani. Kada a rubuta hukunci irin "yau Baba ya rikice", a rubuta abin da ido ya gani: ranar Laraba bayan la'asar ya nemi a kira masa mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin da suka wuce, ranar Juma'a ya biya mai faci kuɗi sau biyu, daren Asabar ya fita da ƙarfe biyu yana cewa za shi gona. A rubuta ranakun da ya wuni garau su ma, domin su ma shaida ce. Ya fi kyau mutum biyu daga ɗakuna dabam-dabam su riƙa rubutawa, don kada gobe a ce littafin wani ɓangare ne.

Wannan littafi yana warware wata gardama da ke da tushe na gaskiya. Gaisuwarmu tana da tsari sananne, kuma abin da mutum ya shekara saba'in yana maimaitawa shi ne na ƙarshen barin ƙwaƙwalwarsa. Dattijo mai wannan ciwo zai iya amsa "ina kwana, ina gajiya, yaya iyali", ya sa albarka, ya ja aya ba tuntuɓe, har ɗansa da ya zo daga nesa ya yi minti ashirin da shi da hantsi ya tashi yana rantsuwa cewa ƙarya ake yi wa mahaifinsa. Ruɗewar kuwa ta fi tsananta da yamma zuwa dare, lokacin da baƙo ya riga ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka duk wanda ke musu a roƙe shi cikin mutunci ya zo ya kwana uku a gidan, ya karɓi jinyar dare da hannunsa. Amma masu zama da shi ma suna iya kuskure: tsohon da kunnensa ya yi nauyi, ko idonsa ya yi yana, ko baƙin cikin rasuwar matarsa ya sa ya daina magana, sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin wanda ya ruɗe alhali hankalinsa na nan.

Mataki na biyu: a kai shi asibiti, kowane ɓangare da wakilinsa

Abin da muke kira gigin tsufa, idan ya kai ga hana mutum tafiyar da al'amuransa na yau da kullum, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dimenshiya, kuma ba kowane tsoho ne yake samunsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, kuma ana samun kusan miliyan 10 sababbi kowace shekara. Nau'in da ake kira Alzaima, wanda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906, shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma wanda ke biyo bayan hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, wanda yakan sauko mataki-mataki. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san kome ba bayan ya sani. Tuna wannan yana da amfani a gidan da aka fara nuna wa kishiya ko suruka yatsa da zargin sammu, domin zargin da aka furta sau ɗaya yakan rayu bayan mai ciwon ya rasu. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, amma duka, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da hana abinci zalunci ne ko da sunan magani aka yi su.

Abu guda yana buƙatar gaggawa. Idan ruɗewar ta zo ne kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman tare da zazzaɓi, yawan barci ko canjin fitsari, a kai shi asibiti a ranar. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, faɗuwar suga da wasu magunguna duk suna rikita tsoho na ɗan lokaci, kuma yakan dawo daidai idan an yi maganinsu. Ba a yanke hukunci a kan hankalin mutum yana cikin irin wannan hali.

A fara da babban asibitin da ke kusa, na Katsina ko na Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Idan an buƙaci ƙarin bincike akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. A tafi da littafin, da duk maganin da yake sha har da na gargajiya, da tabaransa idan yana sawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita har abin da ake jin nauyin faɗa, kamar fitsarin kwance ko zargin sata da yake yi wa matansa. A kuma sanar da shi ko dattijon ya yi karatun boko, domin wanda duk rayuwarsa da watan Musulunci da ranakun kasuwa yake lissafi zai iya faɗuwa tambayar kwanan watan Bature ba tare da ciwon kome ba. A ƙarshe a nemi rahoto a rubuce, mai kwanan wata da hatimi, wanda ya fayyace irin shawarwarin da mutumin yake iya yankewa da waɗanda ba ya iyawa. Rahoton sirrin mai shi ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrin majinyaci, don haka ba abin da za a watsa a zauren WhatsApp na dangi ba ne.

Mataki na uku: ku auna hankalinsa a kan kowace shawara ita kaɗai

Nan ne zuciyar al'amarin. Dokar Ingila ta 2005 a kan ikon yanke shawara ba ta aiki a Katsina, amma ma'aunin da ta tsara yana da sauƙin fahimta, kuma iyali za su iya aro shi don su daina jayayya a kan iska. Ana duba abu huɗu game da shawarar da ke gaba: ko mutumin ya fahimci bayanin, ko yana iya riƙe shi har ya gama tunani, ko yana iya auna amfani da illa, da ko yana iya bayyana abin da ya zaɓa, da baki ko da ishara. Dokar ta kuma ce a ɗauka mutum yana da hankalinsa har sai an tabbatar da akasin haka, a taimaka masa iyakar iyawa kafin a ce ya kasa, kuma yanke shawarar da wasu ke ganin wauta ce bai isa hujjar rashin hankali ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi a wurinmu. Dattijon da tun yana da ƙarfinsa aka san shi da kyauta da gina masallaci, idan ya ci gaba da haka a tsufansa halinsa ne yake bi, ko da magada suna jin zafin abin.

Ga yadda za a yi a aikace, idan misali maganar sayar da gona ce. A zaɓi lokacin da ya fi natsuwa, galibi da safe bayan ya karya, a wuri mara hayaniya, kuma wanda zai amfana da cinikin ya fita daga ɗakin. Kada a yi masa tambayar da amsarta "to" ce, domin tsoho mai kara zai ce "to" ga duk wanda ya durƙusa a gabansa. A ce masa, "Baba, wace gona ce kake son sayarwa? Wa ke nomanta yanzu? Nawa kake ganin ta kai? Idan an sayar, me gidan zai ci bana?" A saurara ya amsa da bakinsa, a bar shi ya huta, a dawo bayan awa guda, a sake dawowa washegari. Idan amsarsa ta tsaya a wuri ɗaya kuma dalilinsa yana da kai, shawararsa ce ko ba ta yi muku daɗi ba. Idan yau ya ce gonar ta mahaifinsa ce ba a taɓa ta, gobe ya ce ya sayar tun bara, jibi ya faɗi farashin zamanin sulalla, to wannan shawarar ta fi ƙarfinsa. Hakan bai taɓa sauran ba: har yanzu shi zai faɗi abin da zai ci, da rigar da zai sa, da wanda yake son gani.

Mataki na huɗu: zaman iyali

A kira zama guda wanda ba a bar kowa a baya ba: matan aure duka, 'ya'ya maza da mata har da na gidan miji, da wani baffa ko kawu da kowa ke jin nauyinsa. Shugabancin zaman a ba wanda ba shi da rabo a dukiyar, kamar limamin unguwa ko mai unguwa. Ina jaddada maganar mata domin su ne ke wanki da ba da abinci da tashin dare, su suka fi kowa sanin halin da ake ciki, amma sau da yawa sai maza sun gama yanke magana a zaure ake aika musu da sakamako. Dattijon kansa ya zauna a ɓangaren da zai iya bi, a yi magana da shi, kada a yi ta kansa kamar ba ya nan.

A raba magana uku, jinya dabam, magani dabam, dukiya dabam, domin idan aka cakuɗa su kowa zai riƙa jin maganar gado a cikin maganar kunu. Duk inda ya kasa zaɓa da kansa, tambayar da za a yi ita ce me shi zai so da yana cikin hankalinsa, bisa abin da aka san shi da shi. A rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu, kowane ɗaki ya riƙe kwafi, a kuma sa ranar sake zama bayan wata uku, tunda ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Mataki na biyar: shawarwarin jinya da aka fi saɓani a kansu

Na farkonsu shi ne inda zai zauna. Ɗan da ke da hali yakan so ya ɗauke mahaifinsa zuwa Abuja ko Kaduna, da kyakkyawar niyya, amma sauya wuri yana ƙara wa mai wannan ciwo ruɗewa, domin ƙafarsa ta haddace hanyar banɗaki da ta masallaci ko da kansa ya manta. In ba don magani ko tsaro ba, ya fi alheri kuɗin su zo inda yake. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, zagayen kwana yana iya zama masa wahala, kuma muna da abin koyi a nan: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ciwonsa na ƙarshe sai da ya nemi izinin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha. A nemi yardar sauran matan a fili, a bar musu ƙofa a buɗe su shiga su yi hidimarsu, kuma ciyarwarsu da tufatarwarsu su ci gaba daga dukiyarsa ba tare da ragi ba.

Idan mahaifiya ce, gardamar takan kasance tsakanin ɗa da ke ganin a gidansa ya kamata ta zauna da 'ya mace da ke ganin ita ta fi iya kula da tsiraicin uwarta. A nan a faɗi gaskiya: jinyar iyaye nauyin 'ya'yansu ne, abin da suruka ta yi kuwa kyautatawa ce da ta cancanci godiya da lada, ba a ɗora mata shi dole. Idan iyayen ba su da abin hannu, ciyar da su wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata. Duk wanda ya ajiye sana'arsa ya zauna jinya a yanka masa wani abu sananne duk wata, a kuma tsara wanda zai karɓe shi ya huta, domin gajiyar mai jinya ita ce ƙofar tsawa da duka.

Sai maganar kulle. Tsohon da ke fita ya ɓace yana tayar da hankali, amma ɗaure shi da igiya ko sarƙa, ko rufe shi shi kaɗai a ɗaki, ba hanya ba ce. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane ɗaure da mari daga wasu gidaje a Daura da Katsina. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsaya ne a kan kare mutuncin masu irin wannan lalura. A nemi hanya mafi sauƙi da za ta kare shi: sakata a can saman ƙofar waje da dare, ƙararrawa a jikin ƙyaure, rufe rijiya, kashe tukunyar gas daga tushe, takarda mai suna da lambar waya a aljihunsa, da sanar da maƙwabta da masu shago da 'yan acaɓan unguwa. A sami jikan da zai riƙa raka shi masallaci da majalisarsa. Makullin mota kuwa a karɓe shi da dabara da zarar ya fara ɓata hanya, domin wannan ya shafi rayukan wasu.

Kada a tsananta masa a kan salla da azumi. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, don haka idan ya yi azahar sau uku ko ya sha ruwa da rana a Ramadan, a bar shi cikin sauƙi, a tambayi malami abin da ya rage a kan iyali. Game da magani, har yanzu babu wanda ke warkar da ciwon, sai dai waɗanda ke sassauta alamunsa na wani lokaci ga wasu. A guji sayo maganin barci a kemis don a samu sararin dare, domin yana jawo faɗuwa da karaya, wasu magungunan kwantar da hankali kuma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga irin waɗannan tsofaffi. Idan ciwo ya yi nisa har haɗiya ta yi wuya, ɗura tana iya tura abinci cikin huhu, saboda haka a nemi likita ya nuna yadda za a ciyar da shi. Babbar shawara kamar tiyata a yanke ta tare da likita, bayan an tambaye shi a fili abin da za ta ƙara wa majinyacin da wahalar da za ta jawo masa.

Mataki na shida: dukiya, da dalilin zuwa gaban alƙali

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa babban ɗa yana zama waliyyin dukiya kai tsaye. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, waliccin dukiya na uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali. Dattijon da mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, al'amarinsa yana hannun alƙali ke nan, shi ne zai yi masa abin da malamai ke kira hajru, wato dakatar da shi daga tasarrufi da dukiya don kare shi, ya kuma naɗa wanda zai kula da ita. Asalin wannan yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 5 da Suratul Baƙara aya ta 282. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 277, ya lissafa waliccin Musulmin da hankalinsa ko jikinsa ya raunana, da kyauta, da wasiyya, da gado, cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu. Wanda ba Musulmi ba kuwa babbar kotun jiha ce hanyarsa.

Haka nan sa sunan mutum a gurbin makusanci a fom ɗin banki bai ba shi ikon taɓa ko kwabo ba, riƙe katin ATM da sanin lambar sirri ma ba izini ba ne. Takardar wakilci da lauya ke rubutawa tana buƙatar mai bayarwa ya san abin da yake yi ranar da ya sa hannu, kuma a bisa ƙa'idar da aka saba ƙarfinta yakan faɗi idan hankalinsa ya gushe. Kama yatsan tsoho a dangwala a takarda bayan ya ruɗe yana iya kai mutum gidan yari, ban da abin da ke jiransa gobe kiyama.

Abin yi shi ne a fara da ƙidaya: gidaje, gonaki, shaguna, dabbobi, hatsin rumbu, asusun banki, fansho, bashin da ake binsa da wanda yake bi, a gaban wakilan kowane ɗaki. Takardun filaye a ajiye su inda mutum ɗaya ba zai iya ɗaukowa shi kaɗai ba. Sannan a je kotun shari'ar Musulunci da rahoton likita, da littafin nan, da jerin dukiyar, da shaidu adilai waɗanda suka san shi kafin ciwon da bayansa. Idan iyali sun riga sun daidaita a kan mutum guda amintacce, aikin alƙali zai yi sauƙi, kuma ba dole ne ya zama babban ɗa ba. Yana da kyau tun kafin a shiga kotu a tambayi banki da ofishin fansho irin umarnin da za su karɓa, don kada a yi sawu biyu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wanda bai gamsu da hukunci ba kuma yana da damar ɗaukaka ƙara. Zuwa kotu a kan wannan ba tona asirin gida ba ne, shi ne ma yake kare wanda aka naɗa daga zargin 'yan'uwansa.

Wanda aka naɗa amana aka ba shi. Zai kashe ne a kan abinci, magani, tufafi da haƙƙin matan dattijon da ƙananan 'ya'yansa, ya fitar masa da zakka domin ba ta faɗuwa daga dukiyar wanda hankalinsa ya gushe, amma ba shi da ikon yin kyauta da ita, ko ranta wa kansa, ko saye wa kansa gonar da rahusa. Sayar da gida ko gona sai da larura bayyananniya da izinin alƙali. Shawarata ita ce mai riƙe kati ya zama dabam da mai rubuta lissafi, a ajiye kowane rasit, a karanta wa kowa lissafin a zaman wata uku.

Mataki na bakwai: abin da aka riga aka sayar ko aka kyautar

Wannan shi ne mafi zafi, kuma fushi ba ya warware shi. Abin da kotu za ta duba shi ne halin da dattijon yake ciki ranar da aka ƙulla cinikin ko kyautar, kuma wanda ya ce babu hankali a ranar shi zai kawo hujja. Mai wannan ciwo yana samun lokutan da yake wartsakewa, shi ya sa kwanan watan da ke littafi da na rahoton likita suke da daraja. Za a kuma duba ko farashin ya yi kusa da na kasuwa, su wa suka yi shaida, ko an yi abin a ɓoye. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya, wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. Saki ma haka yake, wanda hankalinsa ya gushe sakinsa ba ya aukuwa, amma a kai maganar gaban alƙali maimakon 'ya'yan wani ɗaki su yanke wa matar ubansu hukunci. Kafin shari'a ta yi nisa a gwada sulhu ta hannun mai unguwa, dagaci, hakimi ko hukumar Hisba, domin sau da yawa mai saye yakan karɓi kuɗinsa ya mayar da gona idan an nuna masa rahoton likita cikin girmamawa.

Gidan da ciwon bai yi nisa ba yana da damar da sauran suka rasa. Tun dattijon yana gane kome, a zauna da shi ya faɗi basussukansa, ya yi wasiyyarsa, ya ambaci wanda ya amince ya riƙe masa dukiya da inda yake son a yi jinyarsa, a rubuta a gaban shaidu daga kowane ɗaki, a kuma sami likita ya duba shi a cikin makon ya rubuta cewa yana cikin hankalinsa. Alƙali zai ba wannan takarda nauyi idan lokacin naɗi ya zo.

Ranar da Allah ya karɓi ransa, ikon wanda aka naɗa ya ƙare nan take. Daga wannan lokaci ba a sake cirar kuɗi da katinsa, a sanar da banki da ofishin fansho, sannan a miƙa littafin lissafi da rasit da takardun filaye ga waɗanda za su raba gado, su fara da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, kafin a zo kan rabon magada.